Gayyar Shiru da Maraƙin Baffa

Ni dai tun ina ƙarami bakina ya riga ni girma. Inna takan ce ranar da aka haife ni, ungozoma ba ta gama yanke cibi ba na fara ba ta labarin hanya. Har yau da furfura ta cinye mini rabin gemu, in na shiga ɗakin malamai a makarantar da nake koyarwa, masu shan shayi sai su ajiye kofi, gudun kada dariya ta sa ya fito ta hanci. To amma daminar bana na je ƙauyenmu da ke bakin gulbi, can bayan Gummi, na kwana uku ina kasa kunne, ban ji gangar noma ko sau ɗaya ba. Abin da na ji kawai kukan babura ne, suna kwasar samari zuwa ramukan zinari na wajen Bukkuyum da Anka. Shi ya sa na zauna yin wannan rubutu. In kun ga wasan ya yi ƙaranci ku yi haƙuri da ni. Akwai wani tsoho da na yi wa laifi da wannan bakin nawa, na kwashe shekaru ina cewa gobe zan je in nemi gafararsa, kuma goben nan ta kusa ƙare mini.

A zamaninmu, in damina ta kankama, ba zakara ke tashinmu ba, ganga ce. Kana kwance za ka ji ta daga nesa, dim, dim, kamar zuciyar ƙasa ke bugawa, ka san yau gayya ce a gonar wane. Ka lalubo hauyarka, ka kurkure baki, ka bi sahu cikin raɓa. Mukan jeru a bakin gona kafaɗa da kafaɗa, makaɗi a bayanmu yana kiran kowa da kirarinsa, wanda ba shi da kirari kuma ya ƙaga masa na tsiya nan take. Ƙasa jiƙaƙƙiya tana ƙamshi, hauya tana cewa cas, cas, gumi yana gangarowa har cikin ido. Hantsi na yi sai ga mata a jere da ƙwaryar fura, matan ruga kuma da nono, wanda kaurinsa in ka tsayar da ludayi a ciki sai ka je ka dawo bai faɗi ba. Ni aikina a wurin gayya rabi noma ne rabi surutu, kuma in za a faɗi gaskiya rabin noman ma ƙarami ne. Ni ke tsokanar rago har ya fusata ya wuce kowa a kunya. Sarkin Noma, dattijon da ke raba mana aiki, yakan ce, “Ku bar shi, bakin wanga yaro hauya biyu na.” Dattawa suna yawan faɗa mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa mun ɗauka magana ce irin ta tsofaffi, kamar tari. Ba mu san ita ce asibitinmu, ita ce hukumarmu, ita ce duk abin da yanzu ake buga wa allo a bakin titi a ce tallafi ba.

Bayan gari, kusa da tsamiya, akwai rugar wani Bafullatani da kowa ke kira Baffa. Kakanninsa sun zauna nan tun kafin a haifi kakana. Yana kiwo, yana kuma noma gero a wata gona da shanunsa suka yi wa taki har ta yi baƙi. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma fulako ya yi masa yawa: ko yunwa za ta kashe shi ba zai ci abinci a gaban mutane ba. Amma ni da shi akwai wasa. In ya hango ni sai ya ce, “Kaɗona, yau wace ƙarya ka kawo muna?” Kaɗo shi ne sunan da Fulani ke kiran Bahaushe. Ni kuma in ce na ga saniyarsa tana karatun allo a bakin gulbi. Ya rufe baki da gefen rawani yana dariya, kafaɗunsa na rawa. Da rani yakan kwantar da shanunsa a gonar babana su yi mata taki, ba a taɓa maganar biya a tsakaninsu ba.

Wata damina kurkunu ya kama Baffa a ƙafafu biyu. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya raba su da saninsa. Tsutsa ce mai tsawo kamar zare, tana fitowa daga ƙafa a hankali, ana naɗe ta a tsinke kullum kaɗan kaɗan, kuma ba ta zuwa sai lokacin da gona ta fi bukatar mai ita. 'Ya'yansa manya sun tafi da shanu mashekari, can wurin kiwon damina. Ciyawa ta taso ta shaƙe geron har ba ka gane shuka. Baffa bai gaya wa kowa ba. Matarsa ma da ta kawo nono gari cewa ta yi lafiya lau, yana hutawa ne.

Sarkin Noma ya tara mu bayan sallar la'asar a zaurensa, ya ce gobe akwai gayya, amma ta shiru ce. Ni ban taɓa jin irinta ba. Ya yi mana bayani. Gayyar da muka sani mai gona ne ke kira, ya ciyar, a yi kiɗa, gari duka ya ji. Ta shiru kuwa ta wanda ciwo ko rashi ya kayar ce, wanda ba zai iya kira ba kuma ba zai iya ciyarwa ba. Babu ganga, babu fura, kowa ya sha kununsa a gida. A fara da an sallame asuba, a watse kafin rana ta yi zafi. Mai gona zai gani, zai kuma san su wa suka yi, amma ba zai yi godiya ba, mu ma ba za mu taɓa tayar da zancen ba. Sai ya juyo ya nuna ni da sandarsa. “Kai, da kai nike. Ka bar bakinga naka gida, ka rataye shi ga ƙusa. Ka jiya?” Na ce, “Ranka shi daɗe, ko ƙuda ba ya jin komi gare ni.”

Mun yi noman. Ban taɓa jin gona ta yi tsit haka ba, sai hauya da numfashi da kukan kurciya. Kafin hantsi gero ya fito fili yana kaɗa ganye kamar wanda aka yi wa aski. Muka watse ta hanyoyi daban daban kamar ɓarayi. Na riƙe bakina kwana ɗaya, kwana biyu, mako, wata. Wallahi na sha wuya. Ji nake kamar na haɗiye kwaɗo da rai yana tsalle a maƙogwarona.

Da kaka ta yi, Baffa ya warke, ya zo kasuwar Gummi yana ɗingishi da sanda. Na same shi a rumfar masu goro, mutane cike, har da baƙi daga wasu garuruwa da wasu Fulani 'yan'uwansa. Ya hango ni ya ce, “Kaɗona, wace ƙarya yau?” Kwaɗon nan ya yi tsalle ya fito. Na ce, “Baffa, yau gaskiya za ni faɗi. Gonarka ba ta taɓa yin gero irin na bana ba, shekarar da kac ci kwance! Baɗi ma ka nemi kurkunu ka kwanta, mu Haɓe mu nome maka, kai dai ka ci!”

Rumfa ta ɗauki dariya. Har mai goro ya yi ta buga cinya. Baffa ma ya yi murmushi, amma bai ja rawani ya rufe baki ba, kafaɗunsa kuma ba su motsa ba. Ya ce, “Haka na, Kaɗo.” Ya bar goron da ya zaɓa a kan faifai ya tafi.

Washegari da safe aka wayi gari da wani jan maraƙi ɗaure a ƙofar gidan Sarkin Noma, da saƙo cewa ladan masu noma ne. Sarkin Noma ya sa aka kira ni. Na zaci duka zan sha, har na saka riga biyu. Bai taɓa ni ba. Yana zaune yana kallon maraƙin, idonsa ya yi ja. Ya ce, “Ka san abin da kay yi? Mun je a 'yan'uwa, ka maishe mu 'yan ƙodago. In mun maida maraƙinga mun zage shi. In mun ci, mun sai da zumunci. Faɗa mani, kai mai baki, wanne za mu yi?” Maraƙin ya yi wata biyu a ƙofar gidan nan yana kukan uwarsa, kuma duk kukan da ya yi ji nake sunana yake kira. Daga baya liman ya ce a yanka a raba sadaka. Inna ta dafa namu kason, ta hana kowa taɓawa, ta ajiye akushin a gabana. “Ci,” ta ce. “Kai kas sawo shi.”

Baffa bai yi gaba da ni ba. Da ma gabar ya yi, da ta fi sauƙi. Mukan gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi karatu. Amma bai sake tambayata wace ƙarya na kawo ba. Kuma daga shekarar nan, in ciwo ya shiga rugarsa, ba wanda ke ji sai an warke ko an binne. Na sha ɗaura niyyar zuwa in durƙusa, sai in ce bari in sami wata barkwanci mai kyau da zan fara da ita. Ina neman barkwancin na gama makaranta, na yi aure, na fara koyarwa, na haifi 'ya'yan da suka fi ni surutu.

Da gemuna da komai aka tura ni ƙaro karatu ƙasar Malesiya. Ƙasa ce da ruwan sama ba ya neman izini: ka shanya riga, ka juya ka ɗauko hula, rigar ta koma gulbi. Shinkafa kuwa, mu mutanen Gummi muna taƙama da ita, amma waɗannan da ita suke karya kumallo, da ita suke rana, da ita suke dare, ina jin ko mafarki suka yi shinkafa ce. Na kama ɗaki a wani ƙauye kusa da jami'a, a bayan gidan wani dattijo da ake kira Pak Haji, wato kamar mu ce Baba Alhaji. Shi ne shugaban kwamitin ƙaramin masallacin unguwa. Da guntun Larabcinsa na aikin hajji, da nawa na makarantar allo, da Turancin da kowannenmu ya karya wa ƙafa, muna hira har mu yi gardama.

A wurinsa na ga abin da ya tsaya mini a rai. Suna da wani abu da suke kira gotong royong, kuma da na ga yadda ake yinsa sai na ce ai wannan gayya ce ta sa zani. Liman ya sanar bayan salla, ranar hutu kowa ya fito da adda da tsintsiya, a share maƙabarta kafin azumi, a yashe magudanar ruwa, a gyara rufin masallaci. Malamin jami'a da mai tatsar itacen roba duk cikin taɓo ɗaya. In za a yi biki ba a bar wa masu gida wahala, unguwa ce ke girki: mata suna yanka albasa tuli guda suna hawaye suna dariya, maza suna juya tukunyar da ni da iyalina za mu iya kwana a ciki. In aka yi rasuwa, kafin masu mamaci su share hawaye an kawo likkafani, an haƙa kabari, an kafa rumfa, maƙwabta sun ɗora tukunya, don kwamitin masallaci ya tanadi wannan tun kowa na da rai. Da azumi ana dama wani kunun shinkafa a masallaci a raba gida gida, mai hali da maras hali duk kwano ɗaya, don kada a gane wanda ya dogara da shi. Ba aljanna ba ce. Pak Haji kullum yana ƙorafi cewa samari sun gudu birni, masu kuɗi sun fara ɗauko 'yan kwangila su yi musu girkin biki. Na ce masa, “Pak Haji, kai naka ciwon kai ne. Namu an kai shi maƙabarta.”

Wata shekara ambaliya ta shiga unguwar. Akwai wani tsoho mai kamun kifi a ƙarshen layinmu, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, shi kuma yana kwance asibiti. Laka ta cika masa gida, matakalar katako ta karye. Da aka yi sanarwa a masallaci ban ji an ambaci sunansa ba. Cewa aka yi za a yashe magudanar layin gaba ɗaya. Muka fara daga bakin titi, kowane gida aka ɗan taɓa, a kwashe shara nan, a ɗaga reshe can, har gidajen da ba su bukatar komai. Da muka iso nasa sai aikin ya zauna. Aka wanke laka, aka shanya tabarmi, kafinta ya sa sabuwar matakala. Ni kuwa abin ya burge ni, na zaro waya zan ɗauki hoto, ni a gaba da laka har gira, gidan tsohon a baya, in tura wa mutanen gida su ga yadda ake yi.

Pak Haji ya ɗora hannunsa a kan wayar ya sauke ta ƙasa, a hankali, yana murmushi. Na ce, “Pak Haji, abin alheri ne, ai gara duniya ta gani.” Ya ce, “Magudana muka gyara. Ɗauki magudana.” Na ce ai kowa ya san gidan muka zo gyarawa. Ya ce, “Kowa ya sani. Shi ma zai sani. Amma zai zo masallaci ya zauna a sahu kamar kowa.” Sai ya shafa kumatunsa ya ce a yarensu mutunci ruwan fuska ne, in ka zubar wa mutum da shi, ba ka da tulun da za ka mayar masa. Ya koma ya ɗauki tsintsiyarsa.

Na tsaya a nan da waya a hannu, a ƙarshen duniya, cikin mutanen da ba su taɓa jin sunan Gummi ba, ina ganin goron da Baffa ya bari a kan faifai. Suka zaci laka ce ta shiga mini ido, wani har ya kawo mini ruwa a buta. A ranar na yi wa Allah alkawari in na koma gida, kafin in sauke jaka zan tafi rugar Baffa, ba da barkwanci ba.

Na dawo na tarar babu ruga. Tsamiyar tana nan, da duwatsun murhu, da turakun da ciyawa ta rufe. Kun san abin da ya faɗa wa ƙasarmu, ba sai na ba ku labari ba. Masu bindiga sun kwashe shanun Baffa, don ba su bar na kowa ba. Daga baya wasu fusatattu daga wani gari suka zo suka ce duk mai ruga da shi ake yi, suka kore shi. Mutanenmu ba su taɓa shi ba, amma ba su fito sun kare shi ba. Sarkin Noma ya daɗe da rasuwa, kuma ba a naɗa wani ba, don gonakin nesa ba mai zuwa, na kusa kuma kowa da ɗan ƙodagonsa. Na yi ta tambayar inda Baffa ya koma, kowa sai ya kalli gefe. Sai bana wata tsohuwa mai sayar da nono ta raɗa mini cewa yana bayan garin Anka, a wani kangon gini da ba a gama ba.

Na same shi da hantsi, zaune a kan buhu, jingine da bulo. Idanunsa sun yi fari. A can bakin titi ana rabon kayan tallafi, mutane a layi, wani yana ɗaukar kowa hoto rungume da ɗan buhunsa. Surukarsa ta ce mini ya hana kowa nasa shiga layin. Na yi sallama na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

“Wa ke nan?”

Na faɗi sunan babana.

Ya miƙo hannu ya lalubi fuskata. “Har da gemu? Ina Innarka?”

“Tana gaishe ka, Baffa. Baffa, na zo ne kan maganar da niy yi a kasuwa, shekarar kurkunu. Na tozarta ka cikin mutane. Ka yafe mani.”

“Wace kasuwa?” ya ce. Na san ya tuna, shi ma ya san na sani. Can ya saki numfashi. “Na ji zafi, Kaɗo. Ba ni ɓoye maka. Ban ƙara shiga rumfar nan ba. Amma na yafe tun kana saurayi, kai ne ba ka zo ka karɓa ba.” Ya juya fuska wajen da hayaniyar layi ke tashi. “Mutum arba'in sunka tashi da asuba don gonata. Ni ina fushi wai an faɗi. Yanzu wa za ka faɗa wa ya yarda? Cewa za su yi cikin ƙaryarka ta.”

Na so in ba shi dariya. Na laluba duk rumbun da na tara shekara da shekaru, babu ko tsaba. Ya tambaye ni mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rasu ya yi masa addu'a, wanda ke raye ya ce madalla, har da waɗanda na san sun kulle kansu cikin gida ranar da aka kore shi. Na gyara zama, na ce yau wuni zan yi masa. Sai ya kama hannuna ya matse.

“A'a. Tashi ka tafi.”

“Baffa, yanzu na zo.”

“An ga babur ɗinka. In ka daɗe nan, gobe a ce malamin makaranta na kai wa Fulani labari. Kana da ɗiya ƙanana.” Ya kira surukarsa. “Nuna mashi ta baya, ta wajen kara. Kada shi bi titi.”

Na tura babur ɗina ta cikin karan dawa ban tayar da shi ba, ina sanɗa, ina waige, da rana tsaka, ni da ban saci komai ba sai gaisuwa.